Omo, Khal, Kanwa ko Hypo: Wanne Ke Raba Jesi da Warin Zufa?

Duk mai buga ƙwallon yamma a filayen unguwannin Katsina, ko mai fita gudun asuba a kewayen filin wasa na Muhammadu Dikko wanda har yanzu jama'a ke ce wa Karkanda, ya san wannan matsalar. An wanke jesi, an shanya, ya bushe, ka shinshina ka ji babu komai. Ka saka, minti goma da fara gudu sai bashi ya taso. Daga nan shawarwari ke yin yawa. Wani ya ce a ƙara omo, wani ya ce a zuba Hypo, wata ta ce ruwan khal, tsofaffi su ce kanwa, mai wanki da guga kuma ya ce a kawo masa kawai. Kowanne yana da inda yake aiki da inda yake ɓarna, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Kafin a zaɓa, ya kamata a san abin da ake faɗa da shi. Zufar da ke tsattsafowa a goshi da baya kusan duk ruwa ce da gishiri, ba ta da wari. Ta hammata da matsematsi ce ke fitowa da maiƙo da furotin, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata su ci, abin da suka bari shi ne warin. Yawancin jesi da gajeren wandon wasa da foliyesta ake yin su, yadin da ba ya shan ruwa amma yake riƙe maiƙo. Auduga na iya riƙe danshi kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinta, foliyesta kuwa bai kai kashi 1 ba, shi ya sa yake saurin bushewa. Sai dai wannan halin ne kuma ke sa ruwan wanki ya zame a kansa ya bar maiƙon a maƙale. A 2014 masu bincike a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam sun karɓi rigunan mutum 26 bayan sun tuƙa keken motsa jiki, suka ajiye su fiye da kwana guda, sannan aka shinshina. Na foliyesta sun fi na auduga wari, kuma a jikinsu aka fi samun wata bakteriya mai suna Micrococcus.

Ma'anar wannan ga mai wanki ita ce, duk abin da bai fitar da maiƙon nan ba, rufe warin kawai ya yi. Da jiki ya ɗumama rigar, zai dawo.

Ma'aunin da za a bi

Na farko, shin abin yana cire maiƙo, ko ƙwayoyin cuta kawai yake kashewa, ko ƙamshi kawai yake sakawa? Na biyu tsada, kuma a nan dole a lissafa da ruwa. Wanda ke sayen jarka a hannun 'yan garuwa ya san cewa wankin da ke cin ɗauraya huɗu ba mai araha ba ne ko da sabulun kyauta ne. Na uku, me yake yi wa kayan: launi, lambar baya da sunan da aka manna, da robar ƙugu da ta safa. Na huɗu wahala da lokaci. Na biyar haɗari ga fata da numfashi. Da yake farashi a kasuwa ba ya zama wuri ɗaya, zan riƙa gwada tsadar kowanne da ƙaramar ledar omo, wadda kowa ya san kuɗinta a shagon unguwarsu.

Sabulun wanki na gunduma

Shi ne mafi sauƙin samu, gunduma ɗaya ta daɗe, kuma yana da kyau wajen cuɗa wuyan riga da tabon jar ƙasa. Matsalarsa ruwanmu. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana da nauyin ma'adinai, wanda za ka gane idan sabulu ya ƙi kumfa ko bakin bokiti ya yi farin tabo. A irin wannan ruwan sabulu yana haɗuwa da ma'adinan ya zama wani datti da ke liƙewa a zare, kuma wannan dattin kansa yana riƙe maiƙo. Kenan kana wanki kana ƙara wa warin wurin zama. Ga rigar auduga ba laifi. Ga jesi, sabulu kaɗai ba ya isa. Sabulun soda na gida mai cin hannu ya fi muni, domin yana kashe launi da wuri.

Garin omo

A nan ne zan fi daɗewa, domin a ganina nan ne maganin yake ga mutum takwas cikin goma da za su karanta wannan, idan an gyara yadda ake amfani da shi. Duk garin wanki omo muke ce masa, amma ba duka ne ɗaya ba. A juya ledar a duba jerin abubuwan da ke ciki. Wanda aka rubuta yana ɗauke da enzayim, wato sinadaran da ke narkar da furotin da maiƙo, shi ake so. Manyan kamfanoni irin masu Ariel da Omo sukan saka, garin da ake aunawa a gwangwani ba tare da suna ba kuwa babu wanda zai ba ka tabbaci. Omo kuma, saɓanin sabulu, an haɗa shi da abin da ke sassauta nauyin ruwa.

Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Na farko gaggawa: a zuba, a kaɗa kumfa, a cuɗa minti uku, a ɗauraye. Enzayim yana buƙatar lokaci. A juya rigar bai-bai, tunda dattin a ciki yake, a narkar da omon tukuna a ruwa mai ɗumi wanda hannu ke jurewa, kimanin digiri 30 zuwa 40, a jiƙa minti 30 zuwa awa ɗaya, sannan a cuɗa hammata da wuya da tsakiyar baya. A lokacin bazara ba sai an hura wuta ba, jarkar da ta yini a rana ta wadatar. Tafasasshen ruwa kuwa yana kashe enzayim ɗin, yana ɗaga lambar baya, yana saki robar wando.

Kuskure na biyu yawan zubawa. Mutane na ganin idan kumfa ta cika baho to wanki ya yi. Omon da ya yi yawa ba ya fita a ɗauraya biyu, ragowarsa ta bushe a zare, ta haɗu da sabuwar zufa, rigar ta riƙa ƙaiƙayi tana wari. Cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu a ruwa lita biyar ya ishi jesi da wando da safa. Ƙaramar leda ɗaya za ta yi wanki fiye da sau ɗaya idan an ɗaure bakinta.

Akwai wata dabara mai arha da ke ƙara masa ƙarfi. Sabulun ruwa na wanke-wanke, irin su Morning Fresh, don cire maiƙo aka yi shi. Ɗigo biyu ko uku a kowace hammata, a murza da yatsa, a bari minti goma kafin a jefa cikin ruwan omo. Kada a wuce haka, domin kumfarsa na cin ruwan ɗauraya.

Ruwan khal

Farin ake nufi, mai ƙarfin tsami kimanin kashi 5 cikin 100, ba na tuffa da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci da tsada ba. Wannan asarar kuɗi ce a zuba shi a bokiti. Aikin khal shi ne narkar da ragowar sabulu da ma'adinan da suka taru a zare, da kashe irin warin nan mai hawa hanci kamar na fitsari. Kofin shayi ɗaya a ruwa lita huɗu ko biyar, a jiƙa minti 30, a matse, sannan a yi wankin omo. Warin khal ɗin kansa yana tafiya idan kayan sun bushe.

Bai cire maiƙo shi kaɗai, kuma ba shi da ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda ake yayatawa. Tsadarsa ma abin dubawa ce: kwalba ɗaya wanki biyu ko uku za ta yi, kuma ba kowane shagon unguwa ke ajiye shi ba, sai manyan kantuna ko wajen masu kayan haɗin kek a babbar kasuwa. Saboda haka ba na kullum ba ne. Sau ɗaya a wata, ko ranar da za a ceto rigar da sabulu ya daɗe yana dafewa a jikinta. Lemon tsami yana yin kusan irin aikin, amma sai an matse da yawa, kuma idan aka shanya a rana ba a ɗauraye ba yana kodar da launi.

Bekin soda da kanwa

Na haɗa su wuri ɗaya domin 'yan gida ɗaya ne. Bekin soda, wadda ba ita ce hodar tashin fulawa da ake sa wa kek ba, tana kashe warin tsami, irin na safa da hammata. Cokali uku ko huɗu a ruwa lita biyar, a jiƙa awa ɗaya ko a kwana. Ba ta cin launi, ba ta cin hannu, kuma busasshiyarta ita ce mafi dacewa a barbaɗa cikin takalmin ƙwallo a kwana, da safe a kakkaɓe.

Kanwa kuwa, wadda ke kowane kicin saboda ɗanwake da miyar kuka, a cikinta akwai wannan sinadarin na bekin soda haɗe da ɗan'uwansa mai ƙarfi, wanda a wasu ƙasashe ake sayarwa a matsayin sodar wanki. Shi ya sa take sassauta nauyin ruwa, take taimaka wa omo ya kama maiƙo. Wajen arha babu mai kama ƙafarta: ɗan ƙullin da bai kai kuɗin ledar omo ba zai yi wanki da yawa. Amma tana da sharuɗɗa. Tana zuwa da ƙasa da yashi, don haka a jiƙa gutsure kamar girman goro a kofi, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama kaɗai a zuba a bokiti. A nemi fara, domin ja tana iya barin shaida a farin jesi. Kada jiƙon ya wuce awa ɗaya, kuma mai tsagewar hannu lokacin hunturu ya sa safar hannu ta roba ko ya juya da muciya. Ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan ƙulli zuwa wancan, don haka rigar da ake ji da ita a fara gwadawa a gefen ciki.

Wani abu da ake yawan gani a bidiyoyin waya: a haɗa khal da bekin soda a kwano guda, su yi ta tafasa, a ce ga maganin wari. Tafasar nan alama ce ta cewa sun kashe juna. Abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Idan za a yi amfani da su duka, to a raba musu lokaci, da ɗauraya a tsakani. Haka ma khal da kanwa.

Hypo da Jik

Su ne ake kira bilic. Suna kashe ƙwayoyin cuta nan take, suna da arha a leda, kuma ko'ina akwai su. Nan alherinsu ya tsaya. Sinadarin kulorin da ke cikinsu yana cinye robar da ke sa wando da safa da matsattsun kayan motsa jiki su miƙe su dawo. Bayan 'yan wanki za ka ga ƙugu ya saki. Yana ɓata launi da tambarin kulob, kuma farin foliyesta ma maimakon ya ƙara haske sai ya koma ruwan ɗorawa. Yawancin jesi suna da alamar kusurwa uku da aka soke da gicciye a takardar wuya ko ta gefe, ma'anarta kada bilic ya taɓa su.

Haɗarinsa ya fi na kowa. Hypo da khal, ko da lemon tsami, ko da ruwan wanke masai, suna fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, musamman a banɗaki marar taga. Wannan ba abin gwaji ba ne. Inda ya dace da shi kawai farin tawul da farar singiletin auduga, murfi ɗaya a bokiti, minti goma, a ɗauraye sosai.

Akwai wani nau'in bilic ɗin marar kulorin, mai aiki da iskar oksijin, irin su Vanish. Wannan ba ya cin launi, yana kuma ƙoƙari sosai a kan tsohon wari idan an jiƙa a ruwan ɗumi. Tsada ce kawai ke hana shi zama na kowa.

Dettol, Izal, turare da ruwan laushin kaya

Dettol yana rage ƙwayoyin cuta, kuma yana da amfani idan 'yan wasa na musayar riguna ko wani a cikinsu na fama da makero ko ƙuraje. Amma bai cire maiƙo, yana da tsada, kuma idan ba a ɗauraye ba yana iya sa fata ƙaiƙayi in zufa ta taso. Izal na ƙasa ne da masai, ba na tufafi ba.

Turaren wuta da humra, duk da matsayinsu a gidajenmu, ba su da aiki a nan. Mafi yawan turarukanmu mai ne, foliyesta kuma mai yake kamawa, sai a samu ƙamshi da bashi sun gauraya, abin da ya fi bashin kaɗai tayar da zuciya a sahun Magariba. Ruwan laushin kaya da ake zubawa a ɗaurayar ƙarshe shi ma shafi yake yi wa zaren, ya toshe ƙofofin da zufa ke bi ta fita. Kamfanonin kayan wasa da kansu suna hana amfani da shi.

Mai wanki da guga

Ga babbar riga da shadda babu kamarsa. Ga jesi, lissafin bai fita. Kayan za su jira a ƙulle kwana ɗaya ko biyu kafin a zo kansu, wanda shi ne lokacin da wari ke kafuwa, sannan dutsen guga, musamman na gawayi da ba a iya saita zafinsa, yana narkar da lamba ya sa yadin ƙyalli. Jesi ba ya buƙatar guga. Wanda dole sai ya bayar, ya shanya kayan su bushe tukuna, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ba guga, ba sitati, ba bilic.

| Hanya | Tsada | Cire wari | Illa ga kaya | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Sabulun gunduma | Arha | Kaɗan a jesi | Yana dafewa a ruwa mai nauyi | Babu sosai |
| Omo mai enzayim da jiƙo | Daidai | Sosai | Kaɗan | Ƙaiƙayi in ba a ɗauraye ba |
| Ruwan khal | Tsada in kullum ne | Matsakaici | Kaɗan | Kada ya haɗu da Hypo |
| Bekin soda | Daidai | Matsakaici | Babu | Babu sosai |
| Kanwa tare da omo | Arha ƙwarai | Sosai | Ja tana tabo | Tana busar da hannu |
| Hypo ko Jik | Arha | Na ɗan lokaci | Mai yawa | Babba |
| Bilic marar kulorin | Tsada | Sosai | Kaɗan | Kaɗan |
| Dettol | Tsada | Kaɗan | Kaɗan | Ƙaiƙayin fata |

Abin da teburin bai nuna ba, kuma ya fi duk abin da ke cikinsa tasiri, kyauta ne. Ana tashi wasa daf da Magariba, a cusa jiƙaƙƙen jesi da safa da takalmi a leda ɗaya, a tura ƙarƙashin kujerar babur ko bayan ƙofa, sai an tashi wasan gaba a tuna da su. Zafi da danshi da duhu, abin da bakteriya ke nema kenan. Wanda ya isa gida ya ɗauraye kayan da ruwa zalla kofi uku ko huɗu, ko ma ya rataye su a igiya kawai su sha iska, ya rage rabin aikin wankin gobe.

Shanya ma tana bin yanayi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, jesi na bushewa a inuwa cikin ƙanƙanen lokaci, barinsa a tsakar rana yini guda kodewa kawai zai jawo. A shanya shi bai-bai, ya ɗan sha rana, a kwashe. Da hunturu a kwashe da wuri saboda ƙura. A watan Agusta kuwa, da damina ta kankama, kada a ninke kaya da sauran danshi a ƙugu ko a kafaɗa, domin warin funfuna daban yake da na zufa, kuma ya fi shi naci.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta, ko matashin da ke buga wasa kusan kullum da jesi ɗaya ko biyu: ƙaramar ledar omo mai enzayim, jiƙon rabin awa, ruwan kanwa kaɗan idan ruwan wurin mai nauyi ne. Ba ya buƙatar sayen komai bayan wannan.

Mai kula da kayan kulob ɗin unguwa, wanda ake tara wa riguna goma sha takwas a buhu: a zazzage su a daren, a raba safa daban domin ita ce tushen mafi munin warin, a jiƙa da omo da kanwa a babban baho. Dettol sai lokacin da cutar fata ta ɓulla a tsakanin yara, kuma a ruwan ɗauraya na farko, ba na ƙarshe ba.

Wanda ya sayi jesin kulob ɗin Turai na asali da kuɗi masu nauyi: ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, omo kaɗan, bekin soda maimakon kanwa, ba buroshi, ba murɗawa wajen matsewa, shanya a inuwa.

Matan da ke motsa jiki a gida ko a wuraren motsa jiki na mata, masu dogon wando da riga masu roba da ƙaramin hijabi mai kama kai: kayansu ne Hypo da ruwan zafi suka fi yi wa ɓarna. Omo da ɗigon sabulun wanke-wanke a inda man shafawa da man kitso suka taɓa, musamman goshin hijabin.

Jesin gwanjo da aka sayo da warin dila a jikinsa, ko tsohuwar rigar da ta riga ta kama bashi: a yi mata wankin ceto sau ɗaya. Jiƙon khal minti 30, ɗauraya, sannan kwana a ruwan omo da bekin soda ko bilic marar kulorin, cuɗa da safe, ɗauraya uku, rana. Idan an yi haka sau biyu warin bai tafi ba, kuɗin khal na uku gara a tara shi a sayi wata rigar.

Takalmi kuwa ba a jiƙa shi a bokiti, domin gam ɗinsa na saki. A zare shimfiɗar ciki a wanke ta daban da omo, a cusa tsohuwar takarda a cikin takalmin ta tsotse danshi, a ajiye a inuwa mai iska, a barbaɗa bekin soda idan ya bushe. Mai fama da cin ruwa a tsakanin yatsu ya nemi maganin shafawa a kemis, domin muddin ƙafar ba ta warke ba, sabuwar safa ma kwana biyu za ta yi ta ɗauki warin.